Fuskar Ɗan Farina

Hotuna biyu gare ni na ɗan farina. Ɗaya na takarda ne, an ɗauke shi da kyamarar fim yana ɗan shekara bakwai. Ɗayan na cikin waya ne, an ɗauke shi yana magidanci, 'yan makonni kafin rami ya rufta da shi. Tsakanin hotunan nan biyu shekara talatin ce ko kusa da haka, kuma a cikinsu duka ban taɓa tsayawa na kalli fuskarsa ba.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce ƙarya nake yi. A wajenmu uwa ba ta nuna ta san da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye shi uwar mijina ta goya shi ta tafi da shi wajen danginta a ƙasar Gummi, ban ce uffan ba, don kuwa haka aka yi wa uwata. Wasu matan rabin kunyar suke yi, idan ba kowa su saci kallo. Ni ban iya yin abu rabi ba. Har yabona ake yi. A gidan biki tsofaffi sukan nuna ni ga amare, su ce ku koyi alkunya a wurin wannan.

Da ya dawo gida gemu ya fara fito masa. Kullum da safe zai durƙusa a bakin ƙofata ya ce, "Inna, an tashi lahiya?" Ni kuma in amsa idona yana kan faifai. Na san ƙafarsa, farcen babban yatsan hagu a tsage yake. Na san tarinsa a cikin tarin maza goma. Na san ƙeyarsa, don sai ya juya zai fita nake ɗaga kai. Ni ce fa wadda ke gane yarinya ta samu ciki kafin uwarta ta gane, ni ce ke kama mai awo idan ya danna babban yatsa cikin mudu. Babu fuskar da ban haddace ba a ƙauyenmu da ke gefen Tungar Daji, sai guda ɗaya.

Bayan shekarar gubar dalma, da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukanmu, aka hana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Aikin ya koma daji. Shi ma ya bi ramukan haƙa na wajen Bukkuyum, sai ya yi mako biyu ko uku bai zo gida ba. Da damina ƙasa ta sha ruwa, rami ya rufta. Sai washegari aka tono shi, a can kuma aka yi masa sutura aka rufe shi. Hularsa da takalmansa kawai aka kawo mana.

Na yi salati kamar yadda ake yi. Ban yi kuka a gaban mutane ba, aka sake yabona. Amma da masu gaisuwa suka ragu, na zauna na ce bari in tuno shi. Ƙeya ce ta zo min. Na sake gwadawa, ƙafa ta zo. Fuska babu.

Matarsa tana takaba a ɗakinta. Wata rana da hantsi na same ta ta ƙura wa 'yar wayarta ido tana hawaye, irin ƙananan wayoyin nan masu madannai. Na yi mata faɗa, na ce mai takaba carbi take riƙewa.

Ta ce, "Inna, hoto nai ne."

Ta miƙo min. Kafin in san abin da nake yi na riga na kau da kai. Mutumin yana cikin ƙasa, ni ina nan ina jin kunyarsa.

Kwana biyu na yi ina kai da kawo a tsakar gida kafin in iya shiga ɗakinta in ce ta nuna min. Maza uku ne tsaye a bakin rami, an ɗauko su daga nesa, shi ne a tsakiya. Fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ce wani abokin aikinsa mai babbar waya ne ya ɗauka, ya tura wa wani, wancan ya tura wa mijinta, shi kuma ya tura mata. Wayarsa tana can cikin ramin.

Na buɗe adakata na zaro hoton takarda daga ƙarƙashin zannuwa. An ɗauke shi ranar auren ƙanen mijina, da uwar mijina ta zo da yaron biki, lokacin da wani mai hoto ya zo daga Anka a kan keke, ya jera yara a jikin rumbu. Tun da aka ba ni ban fito da shi ba. Na ƙulle shi da wayar surukata a gefen zane, na hau mota zuwa Anka ni kaɗai, tunda ita ba ta da halin fita.

A bayan kasuwa aka nuna min shagon wani dattijo mai hoto. Yanzu hoton katin shaida yake ɗauka da kyamarar zamani. Ya juya hoton takardar, ya ga hatimi a bayansa, ya yi dariya.

"Baiwar Allah, ai wanga aikina ne! Ni na ɗauke shi, ni na wanke shi da hannuna. Diba, ko kala bai saki ba. Wane ne naki ciki?"

Na nuna na uku daga gefe, ban ce ɗana ba ne. Shi ma bai tambaya ba, ya gane.

Ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu ya ɗora a kan hoton, ya ce in sa ido. Fuskar yaron a takarda ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, amma ta cikin gilashin nan sai ga ta ta taso. Ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya. Ga kwalli da aka rambaɗa masa ya zarce gefe. Ga ƙwayar shinkafa maƙale a gefen bakinsa, ga zaren da ya warware a bakin hularsa. Yana kallon mai hoto da baki a ɗan buɗe. Na daɗe ban ɗauke ido daga gilashin ba.

Na ce, "To, haka nika so ka yi min da wanga na waya. Ka hiddo min shi babba, in gan shi yana namiji."

Ya zare memorin wayar ya sa a kwamfuta. Maza uku suka fito. Ya jawo na tsakiya, ya ƙara jawowa. Ina jira gashin ido ya bayyana kamar ɗazu, sai na ga fuskar tana wargajewa. Ta koma 'yan murabba'ai kamar saƙar tabarma, wani baƙi, wani ruwan ƙasa, wani toka-toka. Inda ido ya kamata ya kasance, murabba'i biyu ne masu duhu.

"Ƙara matsowa da shi," na ce.

"In na ƙara, bulo za ki gani."

"Gilashin hwa? Ɗora mishi gilashin."

Ya girgiza kai. Ya ce fim shan haske yake yi kamar yadda farin ƙyalle ke shan baba a marina, ko'ina ya ratsa, shi ya sa duk inda ka tona za ka samu wani abu. Ita waya ƙirga hasken take yi ƙwaya-ƙwaya ta jera. Idan ƙwayoyin suna da yawa, hoto ya yi kyau. Ya ce kada in ɗauka son kai yake yi, manyan wayoyin yanzu da wannan kyamarar tasa suna fitar da abin da fim ɗinsa bai taɓa fitarwa ba. Amma wannan hoton an ɗauke shi daga nesa, kuma ya bi hannu uku, an yi ta matse shi don ya shiga ƙaramar waya, kowace matsa tana zubar da ƙwayoyi.

"Abin da ya zube ya zube. Ba ni da inda zan samo shi. Ki biɗo wayar da ta ɗauka tun hwarko, can ne uwar hoton take."

Na ce ya wanke min hakanan. Ya ce zai wanke ƙarami, daidai tafin hannu, don a ƙarami ne kawai yake kama da mutum. Babba kuwa ba zai karɓi kuɗina a kansa ba. Na ce masa tsufa ne ya kama shi. Ya ce, "Awo, ya kama mu tare."

Na fito raina a ɓace. A bakin tasha akwai shagon masu cajin waya da tura waƙoƙi, da hotunan amare manne a jikin gilashi, kowace fuska tana sheƙi. Mai shagon ya ga na tsaya.

"Inna, shigo mana. Me za a yi miki?"

Na gaya masa abin da dattijon ya ce. Ya kwashe da dariya.

"Baba yana nan a zamanin fim! Inna, yanzu ai an wuce nan. Kawo ki ga aiki."

Ya tura hoton cikin tasa wayar, ya yanke maza biyun gefe, ya danna wani abu. Wani layi ya bi ta kan fuskar daga sama zuwa ƙasa, sai ga murabba'an nan sun narke. Mutum ya fito. Ido biyu farare tas, hanci miƙaƙƙe, gemu a gyare, haƙora a jere. Fatar sumul kamar an shafa mata man shanu.

"Kin gani? Ya yi kiliya. Wannan ai ya fi fim ɗin Baba."

Na tambaye shi, "Shi ne?"

"Wa zai zama in ba shi ba? Ba daga hotonsa na fitar ba?"

Kowace uwa a duniya da ta kalla sau ɗaya za ta san amsa. Ni sai da na tambayi mai cajin waya. Na gwada shi da yaron da ke jikin rumbu, ban ga kama sosai ba, na ce wa kaina ai yara suna canzawa. Ya wanke min babba, ya rufe shi da leda mai tauri. Na rungumo shi cikin mayafi har gida.

Kwana uku na yi da hoton nan. Idan na idar da sallar walaha sai in saki labule in fito da shi. Na bi girar da yatsa, na bi hancin. Na ce ashe haka kake, ashe kyakkyawa na haifa. Na ba shi haƙuri. A rana ta biyu na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna, na buɗe baki na kira sunan, a hankali, har sau uku. Na haddace fuskar nan kamar yadda nake haddace ta kowa, kuma ni idan na haddace abu ba ya fita.

A rana ta uku surukata ta kawo min fura ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta same ni da shi a cinya. Ta leƙa.

"Inna, wanga wane ne?"

Na ce, "Ke, ba ki da ido?"

Ta ajiye kwanon, ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa.

"Rigar tashi ce. Hular ma tashi ce." Ta ɗago kai. "Amma wallahi, Inna, ban taɓa ganin wanga mutum ba."

Washegari da sassafe na koma Anka. Na ajiye hoton a kan teburin mai shagon, a gaban masu jiran caji.

"Ɗan wa ka sai da min?"

"Haba Inna, a hankali mana."

"Na ce ɗan wa ne?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce abin da ke cikin wayar yana cike gurbi ne. Inda ya ga babu ido sai ya sa ido, irin wanda ya ga ya dace. Kintata yake yi. Kowa haka ake yi masa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa.

"Su sun san nasu," na ce. "To wane ne wanga da na kwana ukku ina kallo?"

"Ba kowa ba ne, Inna. Babu mai wannan fuskar a duniya."

Ya ce zai mayar min da kuɗina. Na bar masa kuɗin, na ɗauki hoton, da na isa gida na cusa shi a murhu. Ledar ta yi ta ɗiga tana wari. Amma da na rufe ido, ga shi nan, da fararen haƙoransa, yana kallona. Na ce ɗana, shi ya amsa.

Saura wayar farko. Ana ta cewa hanya ba lafiya, ƙannen ɗan farin nawa suka hana ni, na jira suka tafi gona na fita. Ranar kasuwar Bukkuyum ce. Na nemi rumfar mai shayi inda masu haƙa ke zama, na tsaya a kansu, tsohuwa ɗaya cikin maza, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Wasu Hausarsu ta Kano ce, wasu ta Nijar, wasu da ƙyar suke haɗa ta. Na ɗaga ƙaramin hoton da dattijo ya wanke min, na ce wa ya ɗauki wannan?

Suka miƙa wa juna. Wani ya ce ya san na tsakiya, mutumin kirki ne, ba ya cin abinci shi kaɗai. Na ce ba halinsa na zo tambaya ba. Wani dogo mai jan rawani ya ce mai babbar wayar ya bar aikin tun ranar da ramin ya rufta, don shi ya fara tono waɗanda ƙasa ta danne da hannunsa, bai sake iya shiga rami ba. Ya sayar da wayar ya yi kuɗin mota ya koma ƙasarsu.

"Wa ya saye ta?"

"Wani dillali. Su kuwa goge komai suke yi kafin su sayar, Inna."

Wani ya ce yana da hoton a tasa wayar. Na matsa kusa da shi. Ya buɗe, na ga nasa ya fi namu lalacewa, ya bi hannu biyar ko shida, mazan uku sun zama kamar turame a tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa su buɗe wayoyinsu, ko ya faɗo a gefen hoton wani. Suka buɗe min, ba wanda ya yi min dariya, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. Na ga duwatsu, na ga babura, na ga 'ya'yan mutane. Shi babu.

Ya rage mutum ɗaya da ta san fuskar nan ciki da waje, surukata, ita kuma takabarta ta zo ƙarshe. Iyayenta suka aiko daga Gummi cewa ranar Laraba za a zo a ɗauke ta. Na yi ta jinkiri har Larabar ta zo. Da hantsi, kayanta a ɗaure a tsakar gida, na kira ta ɗakina na saki labule.

"Zamna. Gaya min kamannin mijinki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Inna, don Allah."

"Ba wasa nika yi ba."

"Ina jin nauyinki, Inna. Ya za a yi in zamna gabanki in..."

"Nauyin nan shi ya kai ni inda nike. Ki aje shi nan bakin ƙohwa, in kin tashi ki ɗauki abinki."

Ba ta sauke mayafin ba. Na kama hannunta, ban taɓa kamawa ba. Na ce, "Ɗiyata, ban san huskar ɗana ba. In kin hita gidan ga da ita, shi ke nan."

Ta fara magana tana kallon ƙasa, muryar can ciki. Ta ce baƙi ne sosai, ya fi ƙannensa duhu. Haƙorinsa na gaba ɗaya a karye yake, tsakuwa ce ta fallatso wajen fasa dutse, shi ya sa idan zai yi dariya yake sa hannu a baki. Akwai tabo a kumatun dama, daga faɗuwar babur. Idonsa ja ne kullum saboda ƙurar rami, na hagun ya ɗan fi ƙanƙanta. Gemun bai haɗe ba, ta ce tana yi masa tsiya da shi, tana ce masa gonar da ba ta samu taki ba. Nan dariya ta kuɓuce mata, ta koma kuka.

"Sake hwaɗi," na ce. "Tun daga hwarko."

Ta sake. Ina bi da baki kamar mai ɗaukar karatu. Muna cikin na uku aka yi sallama a ƙofar gida, motar ta iso. Ta tafi da wayarta, na raka ta har zaure.

Yanzu ga yadda nake yi. Idan na rufe ido, wancan na shago ne ke fara zuwa, ban iya hana shi ba. Sai in kama shi in yi ta gyara. In baƙanta fatar. In karya haƙorin. In sa tabo a dama, in rage idon hagu, in zuba masa ja, in tsige gemun. Wani lokaci yakan tsaya haka na ɗan numfashi biyu ko uku kafin ya narke ya koma sumul, in sake farawa.

Sai bayan ta yi mako da tafiya na lura ban tambaye ta hanci ba. Ban tambaye ta goshi ba, ko leɓe. Duk gyaran da nake yi, hancin na wancan na shago ne.

Na ba wani direban Gummi saƙo. Ya dawo ya ce ta gaishe ni da kyau, amma ta ce wannan ba maganar da za ta ba namiji ya kawo ba ce. Ban ga laifinta ba. An kuma ce min masu neman aurenta sun fara zuwa, kuma matar wani ba za ta zauna tana zana min fuskar mijinta na fari ba. Ƙannensa sun ɓoye min takalma don kada in sake fita. Na ari na maƙwabciya, sun yi min yawa, na cusa tsumma a ciki. Motar Gummi tana tashi bayan sallar asuba.